A Gina Inji Gwargwadon Man da ke Gidan Mai

A wata rumfar kanikawa da ke bakin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa ƙasar Wurno zuwa Goronyo, na zauna wata rana ina jiran gyaran mota, sai na ga yaran gareji sun yi cincirindo a kan wayar ɗayansu, suna kallon wani Ba'amurke yana harhaɗa inji mai silinda takwas, irin wanda ake kira V8 saboda an jera silindojinsa huɗu-huɗu a sahu biyu masu siffar wannan harafi. Da aka tayar da injin ya yi ruri, sai suka ɗauki sowa, kowa yana rantsuwa da a ce zai sami kayan, da shi ma ya haɗa irinsa. Ban ga aibin wannan buri ba, domin himma ce, kuma himma ba ta ga rago. Abin da ya dame ni shi ne rurin suka ji, hikimar da ke ƙarƙashinsa kuwa ta wuce su, alhali ita ce abin da ƙasarmu ta fi bukata.

Ga yadda al'amarin yake. Kamfanin Chevrolet ya fito da ƙaramin V8 ɗinsa a 1955, kuma mafi shahara a zuriyarsa shi ne mai lita 5.7. Magina injuna na can sukan cire karanshaf ɗinsa, wanda ke tafiyar da fistin inci 3.48, su sa wanda ke tafiyar da shi inci 3.75, su ɗan faɗaɗa ramukan silinda, sai injin ya koma lita 6.3 ba tare da gangar jikinsa ta ƙara girma ba. Fa'idar tsawaita tafiyar fistin ita ce ƙarfin ja tun injin yana juyawa a hankali, wato irin ƙarfin da ke fitar da mota mai lodi daga rairayi, wanda ya sha bamban da ƙarfin tsere. To amma duk lokacin da aka ƙara tafiyar fistin, matsin da yake yi wa cakuɗar iska da mai yakan ƙaru, idan kuwa matsin ya zarce abin da man zai iya jurewa, sai wani sashe nasa ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, a riƙa jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma wannan ƙarar ce ke fasa ringi, ta huda fistin, ta ƙona gaskit. Saboda haka magini mai hankali, wanda ke nufin ya hau motarsa kullum a titi, yakan fara da tambayar wane mai ake sayarwa a gidan man unguwarsa, sannan ya auna komai, ya tsayar da matsi a wajajen kashi tara ko goma bisa ɗaya.

Wannan tambaya ta fi nauyi a wurinmu. Ma'aunin jurewar fetur da aka ƙayyade a Najeriya shi ne 91 a lissafin RON, wanda ya yi daidai da mai 87 a lissafin Amurka, wato mafi ƙanƙantar daraja a yawancin gidajen mansu. Sannan a ƙara da zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Sakkwato, kuma iska mai zafi tana gaggauta wannan fashewa. A ƙara da ƙurar hunturu. A ƙara da man 'yan bumburutu, wanda babu mai iya shaidar abin da aka gauraya a cikinsa, ga kuma gurɓataccen man da ya lalata motoci a farkon 2022 bai gushe daga zukatanmu ba. Wanda ya kwafi lissafin Ba'amurke ya kawo shi ƙasarmu ba tare da duban waɗannan sharuɗɗa ba, taƙlidi ya yi ba ilmi ba, kuma malamanmu sun daɗe da sanin cewa fatawa takan dubi zamani da wuri.

Abin takaicin shi ne muna aikata wannan kuskure kullum ba tare da V8 ba. Fijo ko Toyota takan tafasa a hanya, tof, wato murfin silinda, ya lanƙwashe, a kai shi birni a kankare fuskarsa, bayan shekara a sake kankarewa, kuma kowace kankara tana rage ɗakin ƙonewa, tana ƙara matsi, babu wanda ya auna balle ya rubuta. Idan injin ya fara ƙara a kan hawa sai a ce mai ne, ko a ce ƙaddara, alhali ƙaddara ba ta hana riƙo da sababi. Haka nan ƙananan injunan ban ruwa, waɗanda albasa da tafarnuwa da shinkafar fadamun Wurno da na ƙasan madatsar Goronyo suka dogara gare su, sukan mutu a tsakiyar rani saboda an sa ringi da ido, an ɗaure kusoshi da ƙarfin damtse. Ban raina kanikawanmu ba, har abada. Na ga wanda ke gane ciwon inji da kunne kafin ya buɗe shi, kuma wannan baiwa ce. Amma kunne ba ya auna kaurin gashi, inji kuwa a kan kaurin gashi yake rayuwa ko ya mutu.

Shin ya dace mutum ya gina V8 a yau, bayan an janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024? Ga mai Land Cruiser da ke jan kaya a hanyoyin yashi akwai hujja, ga mai neman ruri a gaban abokai kuwa ina ganin israfi ne. Sai dai ilmin da ke cikin aikin halal ne ga kowa, kuma ya fi injin kansa daraja.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a ribaɗin Wurno kuma aka binne shi a can a 1837, ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajibban shugaba a littafinsa Usulus Siyasa. Don haka nake kira ga gwamnatin jiha, da ƙananan hukumomin Wurno da Raba da Goronyo, da attajiranmu na albasa, su haɗa hannu su kafa ma'aikata guda a wannan yanki, mai injin gyaran karanshaf da na faɗaɗa silinda da kayan awo na ƙwarai, su ɗauko ƙwararre ya zauna ya koya wa yaran gareji awo da lissafin matsi. Ku kuma iyayen gida na gareji, don Allah ku saki yaranku su je su koyo.