Yunwar Isuwa da Ƙofar da Ba Ta Sake Buɗewa



A Amurka akwai ƙwallon da ake runguma a hannu a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano. Jami'o'i ne ke renon 'yan wasanta, suna ba su karatu kyauta. Babbar gasar ƙwararru, NFL, ba ta ɗaukar yaro sai ya yi shekara 3 da gama sakandare, karatun digiri kuwa shekara 4 ne. Saboda haka duk watan Janairu wasu samari kan ajiye littattafai, saura shekara ɗaya kacal, su miƙa sunansu ga zaɓen da ƙungiyoyi 32 ke yi a watan Afrilu.

Ban ga zunubi a nan ba, kuma kada mu yi saurin yanke musu hukunci. Wasan yana cin jiki. Gwiwa ɗaya ta karye, shi ke nan. Da yawansu 'ya'yan talakawa ne, uwa tana aiki biyu don ta biya kuɗin haya. In an ce wa irin wannan yaro ga miliyoyin daloli, wane ne ni da zan ce ya jira?

Abin da ke damuna dabam ne. A 2018 da 2019, kowace shekara fiye da 100 ne suka bar makaranta da wuri, kusan ɗaya cikin uku kuwa babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. Bisa ƙa'idar wasannin jami'o'i, wanda ya shiga zaɓen ba ya komawa buga wa makarantarsa wasa. Ga ƙofar baya a rufe, ta gaba ba ta buɗe ba. Waɗanda aka ɗauka ma, yawancinsu ba sa daɗewa, 'yan shekaru kaɗan sai a sallame su.

Duk lokacin da nake koyar da Farawa 25, ɗalibai kan yi wa Isuwa dariya. Ni ba na yi. Yunwarsa ta gaske ce, daga jeji ya dawo a gajiye. Kuskurensa shi ne ya yi cinikin matsayinsa na ɗan fari a lokacin da cikinsa ke masa tunani, kuma mai ba shi shawara shi ne mai cin ribar cinikin. Haka dillalin 'yan wasa yake: yana da kasonsa in yaro ya sa hannu. Ban ce dukansu macuta ne ba, amma wanda zai ci riba da gaggawarka bai kamata ya zama muryar da kake ji kaɗai ba. Wannan ya shafe ku ma, ku da ake yi wa alkawarin gwajin ƙwallo a Turai kuna tsakiyar karatu. Kun tambayi iyayenku? Kun zauna da dattijon ikilisiya wanda ba ya neman ko kwabo a wurinku? Kun yi addu'ar da za ta iya karɓar amsar "a'a"?

Akwai wanda nake girmamawa cikin masu fita da wuri. Emmitt Smith ya bar Jami'ar Florida a 1990, ya shiga Dallas Cowboys, ya ci kofin Super Bowl sau 3. Ya riga ya yi wa mahaifiyarsa alkawari zai gama karatunsa. Yana tsakiyar suna da kuɗi, lokacin hutun wasa sai ya koma aji ya zauna tare da ƙannen bayansa, har ya karɓi digirinsa a 1996.