Teku marar ruwa: a daina ɗora yara bisa hanyar Aljeriya



Duk shekara cikin watan Nuwamba, wasu iyalan Turawa kan tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari, su ƙetare tekun Atlantika da ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, har da yaransu. Tafiyar ta kai kilomita 5,000, tana cin sati biyu zuwa uku. Kafin su tashi sai sun lissafa litar ruwan da kowane kai zai sha a yini, su ƙara na ko-ta-kwana. Yaro ba ya hawa saman jirgi sai da rigar da ke hana nutsewa. Uwa da uba na karɓa-karɓar gadi cikin dare, da safe a yi wa yara karatu, kuma akwai na'urar kiran ceto ta tauraron ɗan adam. Su don nishaɗi suke yi, amma ba su yarda su yi caca da ran ɗa ba.

Mu ma muna da namu tekun, sai dai na rairayi ne, kuma matanmu da ɗiyanmu ne ke ƙetare shi. Daga Magarya zuwa Damagaram, a bi Tanut a kai Agadas, wajen kilomita 450 daga Damagaram. Daga nan Arlit, wajen 240. Daga Arlit a shiga hamada wajen 200 kafin Asamaka, sannan Ingizam, sannan wasu 400 kafin Tamanrasat. Ra'ayina a fili yake: babba in ya ga zai iya, ya san abin da ya ɗauko ma kansa. Yaro kuwa bai zaɓa ba, don haka bai kamata a ɗora shi bisa wannan hanya ba.

Ku tambayi waɗanda suka dawo yadda yini ɗaya yake wucewa a bayan mota. Mutane cunkushe bisa kaya, ƙafa ba wurin miƙewa. Guzuri bai wuce garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino da biskit ba. Ruwa na cikin bido, kuma kafin azahar ya yi zafi kamar an ɗora shi bisa murhu. Direba ba ya tsayawa don yaro yana jin fitsari ko yana amai, balle in ya kauce ma babbar hanya don gudun jami'ai. Da rana zafi, da dare sanyin da ke shiga ƙashi. Rezo babu, likita babu, inuwa babu. Uwa mai goyo tana shayarwa alhali ita kanta ba ta sha ta ƙoshi ba, nono ya ja baya, jinjiri ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe.

Jikin yaro ƙarami ne, ruwan da ke cikinsa kaɗan ne, kuma ya fi na babba saurin ƙarewa. In zawo ya haɗu da zafi, yini guda ya isa. Ido ya faɗa, kuka ba hawaye, fitsari ya ɗauke, maɗigar jinjiri ta lotsa. A gida sai a ruga likita ko a haɗa ruwan gishiri da sukari. Tsakanin Arlit da Asamaka wa za a kira?

Wannan ba tsoratarwa ba ce, abu ne da ya faru. Ƙarshen watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Da yawansu mutanen Kance ne, maƙwabtanmu, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, muke aure da su. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Cikin watan Yuni na 2016 kuma aka sake samun gawa 34 wajen Asamaka, 20 daga ciki yara ne. Ku duba lissafin da kyau: sau biyun nan duka, yara sun fi rabi.

Wanda ya tsira ya isa kuma, me ke jiransa? Bara a bakin titi da ƙofar masallaci, kwana a kango, da fargabar kamu. Tun watan Disamba na 2014 ake kwaso 'yan Nijar daga Aljeriya cikin kamiyo ana dawo da su. Da hanyar arewa ta yi wuya sai wasu suka juya yamma. Cikin watan Maris na 2022 jiragen sama suka kwaso mutanenmu sama da 1,000 daga titunan Dakar, akasarinsu mata da yara, kuma sunayen da aka yi ta ambata a kafafen labarai su ne Kance da Magarya. Wa ya ji daɗin wannan a cikinmu?

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za su ce mai magana a rediyo bai san yunwa ba. Gaskiya ne gona ta tsuke. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta, hatsin da aka girbe bai kai wa ga wata damina, ga bashi, ga kayan ɗakin ɗiya, ga maƙwabciya ta dawo ta sa kwano a ɗakinta ta sayi tumaki. Ba wanda ya isa ya zagi uwar da ta rasa abin ɗorawa bisa wuta. To amma mu faɗa ma juna gaskiya: me ya sa ake tafiya da yara, har a karɓo na dangi da na maƙwabta bisa alkawarin za a raba abin da aka samo? Don mai sadaka ya fi tausayin yaro. Ke nan yaron shi ne jarin. Abin da ake nema da shi ke nan, ba don an rasa mai riƙonsa a gida ba.

Wasu kuma za su ce kakanninmu ma sun tafi Makka a ƙasa da iyalansu, har suka ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda. Haka ne. Amma su ayari suke bi da madugu, daga rijiya zuwa rijiya, daga gari zuwa gari. In guzuri ya ƙare su yada zango su yi noma, wani a Cadi, wani a Sudan, tafiyar ta ci shekaru. Ba su miƙa ran ɗiyansu ga mota ɗaya da bido biyu ba.

Akwai masu cewa ai tun watan Nuwamba na 2023 hukuma ta soke dokar 2015-36, hanya ta buɗe. Wannan doka ta shafi masu jigilar baƙin haure ne. Dokar hana safarar mutane ta 2010 daban take, kuma ɗaukar yaro a kai shi bara don a ci riba da shi yana cikin abin da ta hana. Ko ba doka ma, soke takarda bai haƙa rijiya ko ɗaya tsakanin Arlit da Asamaka ba.

Laifin kuma kada a jibga shi duka bisa mata. Mace ba ta fita da yara huɗu daga ƙauye ba tare da an sani ba. Maigida ya sani, sau da yawa ma shi ya sayar da akuya aka yi kuɗin mota. Wanda ya ba da bashin ya sani. Mai gari ya sani. Malam, kai da ka zauna gindin bedi kana jiran a aiko, in aka ce maka mota ta ɓace, da wane baki za ka karɓi gaisuwa?

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kuɗin waje. Daraktocin lakwal su riƙa kai wa magajin gari sunan duk yaron da ya ɓace daga aji bayan girbi, a bi sawu tun mota ba ta wuce Tanut ba. Masu gari da limamai, daga Sasumburum, Yekuwa, Kwaya da Ɗanciyau har Dogo-Dogo, Malawa da Guci, su fito fili su ce ba da aron yaro don bara abin kunya ne. 'Yan tasha su tambayi mace mai yara biyar ina ta nufa, kuma na wa ne. Kuɗin motar da ake ci bashi a biya, in aka zuba shi cikin asusun mata irin na Mata Masu Dubara, ya isa a fara sana'ar ƙuli-ƙuli ko kiwon akuya. Hukuma kuma ta dubi fadamun Korama, wajen Bande da Waca, inda ruwa ke kusa, rake da kayan lambu ke yi: a taimaka wa mata da fili da injin ban-ruwa, su samu abin yi da rani.

Iya, inna, yaya, in tafiyar ta zama dole, ki bar yaran wajen kakarsu. Gara ki dawo ki tarar sun rame da ki dawo ke kaɗai.

Ku faɗi ra'ayinku a ƙasa, musamman ku da kuka taɓa bin hanyar, don ku kuka fi mu sanin ta. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hamada, ya ba mu damina mai albarka.