DAGA ZAUREN MAKARANTA: Iskar Da Ke Kuka A Kan Lori



A makon jiya bayan la'asar, yara na wanke alluna, sai ga wani saurayi direba, wanda ke jan lorin wani Alhaji tsakanin Kumasi da Bawku. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, rubutu nake so da laya. Motata ta samu iska. Da na wuce Kintampo da dare sai in ji ana fito a bisa kaina, in na tsaya a yi shiru." Muka tambaye shi yaushe abin ya soma. Ya ce tun bayan da aka ɗaura masa doguwar fitilar nan a kan rufin mota. Muka ce, "To, ɗana, gaskiyarka iska ce, amma ba irin wadda kake nufi ba." Addu'ar tafiya mun yi masa, kuɗin laya kuwa muka ce ya riƙe ya sayi roba.

Da yake motocin nan su ke ɗauke da goronku da albasarku da 'ya'yanku, mun ga ya kamata mu bayyana maganar a nan.

Fitilar nan mai kama da sanda, ƙwayayenta irin na LED ne, kuma zafi shi ne ajalinsu. Saboda haka aka yi bayanta da alminiyam tsaga-tsaga kamar haƙoran mataji, don iska ta ratsa ta kwashe zafin. To, duk wanda ya taɓa busa bakin kwalba yana yaro ya san abin da ke faruwa in iska ta bi ta kan rami. Haƙoran nan su ne masu fito. Sa'an nan akwai tazarar da ke tsakanin fitila da rufi: iskar da ta hawo gilashin gaba takan matsu a nan, ta fita tana murɗawa, sai a ji ruri mai kauri a cikin mota. Na uku, in noti ya saki, fitilar ta riƙa rawa, rufin ƙarfe kuwa ya amsa kamar ganga.

Ba yau aka san wannan ba. A 1878 wani masani mutumin ƙasar Cek, Vincenc Strouhal, ya auna kukan da waya ke yi cikin iska. Ya tarar muryar tana ƙara siranta in iska ta ƙara gudu, tana yin kauri in wayar ta yi kauri. Watau ga hanyar ganewa: a taka totur mota na tsaye, in ba a ji komai ba, kuma in canjin giya bai sauya muryar ba sai gudu kaɗai, to, a bar zargin inji. Kada a biya makanike ya kwance abin da lafiyarsa lau.

Maganin kuwa a bi shi daki-daki, don a san wanne ya yi aiki. Da fari a ɗaure notuna, a sa guntun tsohuwar robar taya tsakanin ƙafafun fitila da jikin mota. Bayan haka a liƙe haƙoran sama da na ƙasa da salatif, a yi ɗan gwaji a hanya. In fiton ya mutu, an kama ɓarawo. Sai a cire salatif, a sayi robar nan mai baki da ake sa wa gefen ƙofar mota, ana samunta a Magazin na Suame, a cusa ta a bakin haƙori biyu ko uku, daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Amma fa a ji wannan da kyau. Wasu kan cike dukan tsagogin da gam ko su naɗe bayan fitilar gaba ɗaya. Lalle za a samu shiru, sai dai an toshe mata hanyar shan iska, kuma ba za ta daɗe ba haskenta zai dusashe ta mutu. Kaɗan ake rufewa, a bar saura a buɗe.

In rurin tazara ne ya rage, sai a matsar da fitilar baya kaɗan ko a sauke ta ƙasa, ko maƙeri ya lanƙwasa ɗan falle ya kafa a gabanta ta ƙasa, iska ta hau ta wuce. In kuwa zagayayyen ƙarfen ɗaura kaya ne ke kuka, a naɗa masa igiya a karkace, da tazara tsakanin naɗi da naɗi. Kada a raina wannan dabara: ita ce Scruton da Walshe suka fito da ita a Ingila a 1957, shi ya sa ake ganin dogayen bututun hayaƙi na masana'antu da ƙarfe kewaye da su kamar maciji, don kada iska ta kaɗa su.

Akwai kuma maganin da ba a saye, watau rage gudu. Masana sun nuna in gudu ya ninka biyu, ƙarfin irin wannan ƙara yakan ninka kamar sau 64. Wanda ya sauko daga kilomita 90 zuwa 70 ya rage ƙarfinta fiye da sau huɗu.

Wani Alhaji zai ce, ina ruwana da fito, ba ni ke cikin motar ba? Akwai ruwanka, Alhaji. Direban da ya kwana yana jin kuwwa a kunne yakan gaji da wuri, ba ya jin tayar da ta soma ɓarewa, ba ya jin hon na bayansa, ba ya jin karen mota in ya buga jiki. Masu lura da lafiyar ma'aikata sun ce ƙarar da ta kai ma'auni 85 na desibel, awa 8 kullum, tana cin ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Waɗansunsu ɗalibanmu ne, mun san su tun suna kan baƙi.

Saura magana ɗaya, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Dokar hanya ta Gana ta 2012 ta ƙayyade fitilun da mota za ta ɗauka, kuma a 2021 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra sun tare motoci suna kwance fitilun da suka wuce ƙa'ida. Mu ba mu ga laifinsu ba. Wanda ka haske wa ido har ya faɗa rami, haƙƙinsa na wuyanka, ko da 'yan sanda ba su gani ba. Saboda haka kafin a kashe ko sisi wajen roba, mai mota ya fara bincika ko doka ta yarda masa da fitilar. In ba ta yarda ba, sifana ɗaya ta isa, fito ya ƙare.

Saurayin nan ya aiko mana da goro bakwai daga Techiman, ya ce roba ta yi aiki. Mun aika masa cewa maganar kwancewa ma ya kai wa ubangidansa, muna jiran amsa.