Idan Kwamfutar Hannu Ta Ƙi Ɗaukar Caji

 Makon jiya wata 'yar yayata da ke ajin ƙarshe na sakandare ta same ni idonta ya yi ja. Kwamfutar hannunta, wadda aka fi sani da tabulet, ta mutu kuma ta ƙi ɗaukar caji, ga shi duk tsofaffin tambayoyin JAMB da take bita a ciki suke. "Kawu," in ji ta, "mai gyara ya ce sai an sauya batir." Na ce ta dakata. Cikin minti ashirin muka gano matsalar, ko sisi ba mu kashe ba. Ga matakan da muka bi, daga mai sauƙi zuwa mai wahala.

Da farko a tabbatar akwai wuta a soket ɗin. Abin kamar wasa, amma sau da yawa nan gizo ke saƙar. A jona fitila ko wata waya a gani. Idan a jikin kwamfuta aka jona ta, a sani cewa tsohon ramin USB rabin amfiya kawai yake bayarwa, abin da bai isa ya cika babban batir ba.

Na biyu, igiyar caja. Ita ce ta fi saurin lalacewa, musamman wurin da take lanƙwashewa kusa da baki. Wayoyin cikinta kan tsinke alhali bayanta lafiya lau. A ari igiyar wani a gwada. Idan caji ya hau, an huta.

Na uku, kan caja. Ku duba ƙananan rubutun da ke jikinsa. Idan kun ga 5V 1A, wat 5 ke nan, na ƙaramar waya ne. Yawancin kwamfutocin hannu na bukatar aƙalla 5V 2A, wato wat 10, domin batirinsu ya fi na waya girma. Da ƙaramin kai, musamman idan ana kallon bidiyo lokacin caji, abin da ke fita zai iya fin wanda ke shiga, sai ka ga alamar caji amma lambar na raguwa.

Na huɗu, ramin caji, kuma a nan matsalar 'yata take. Ƙurar hunturu da zaren jaka sukan taru a ƙasan ramin su dunƙule, har bakin igiya ya kasa shiga sosai. Alamarsa ita ce igiya ta riƙa girgiɗi, ko caji ya ƙi hawa sai an danne ta da hannu. A kashe na'urar, a haska ramin da tocila, a ɗauki tsinken sakace a ciro dattin a hankali. Kada a yi amfani da allura ko fil, domin ƙarfe na iya haɗa wuta ko ya karya 'yan haƙoran da ke ciki. Idan ruwa ne ya shiga, kada a jona ta sai ta bushe sarai.

Na biyar, haƙuri. Batirin da ya ƙare ƙaf ya daɗe a ajiye ba ya farfaɗowa nan take. Da ɗan ƙaramin ƙarfi yake fara karɓar wuta, fuskar na'urar kuma tana nan baƙa. A bar ta a jone rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a yanke hukunci.

Na shida, wani lokaci caji na shiga, na'urar ce ta sandare. A yawancin na Samsung, a danne maɓallin kunnawa da na rage sauti tare kamar daƙiƙa goma. A iPad mai maɓalli a ƙasan fuska, a danne shi tare da na sama har sai tambarin Apple ya fito.

Sai kuma zafi. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan haura 40. Idan batir ya ɗauki zafi, na'urar da kanta takan dakatar da caji don kare shi. A cire mata riga, a ajiye ta a inuwa ta huce. Kada a sa ta a firiji, kada kuma a yi caji ƙarƙashin filo.

Akwai inda dole a tsaya. Idan bayan na'urar ya kumbura, ko gilashin ya fara ɗagowa, ko kun ji wani wari, batirin ya lalace kuma yana iya kama wuta. A zare ta daga soket, kada a danna, kada a huda, a sanar da babba a kai ta wurin ƙwararre. Haka nan idan an bi duk matakan nan ba a dace ba. A can ma ku nemi a fara gwada ramin caji kafin a taɓa batir, ku tambayi kuɗin aiki tun kafin a kwance ta.

'Yata dai dunƙulen ƙura kamar ƙwayar gero muka ciro, caji ya hau. A daren na sa ta kwafe duk darussanta zuwa katin memori, wasu kuma ta rubuta a littafi. Ku ma ku yi haka tun na'urarku na aiki, kada ranar jarrabawa ta matso ku rasa abin karantawa.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau.