Waɗanda Ake Kamawa Ba Su Ne Ke Zama A Teburin Taro Ba

Duk wanda ya saba bin hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, musamman da kaka sa'ad da ake hada-hadar auduga da masara, ya san 'yan daudu masu tuyar kaji da dafa shinkafa a bakin tasha. Tsofaffi ne a ƙasar Hausa, har ana danganta sunansu da bori. Jama'a na cin abincinsu suna yi musu ba'a, hukuma kuwa ba ta waiwayarsu sai ranar kame. To, ina matsayinsu a cikin ƙungiyoyin da ke cewa suna kare haƙƙin masu neman jinsi ɗaya?

Tarihin wannan fafutika a Amurka zai ba mu haske. A watan Yuni na 1969 aka yi tarzomar Stonewall a birnin New York, bayan 'yan sanda sun kai samame wata mashaya. Cikin waɗanda suka yi fice bayan haka akwai Marsha P. Johnson, baƙar fata, da Sylvia Rivera, 'yar asalin Latin Amurka, dukkansu an haife su maza suka rayu a matsayin mata, kuma talakawa ne liƙis. A 1970 suka kafa ƙungiyar STAR domin bai wa matasa marasa galihu wurin kwana. Amma da tafiya ta miƙa, sai Turawa masu ilmi da abin hannu suka karɓe ragama, suka ga cewa irin su Rivera na zubar musu da mutunci a idon 'yan majalisa. A taron 1973 ihu aka yi mata lokacin da ta hau dandamali. Dokar hana wariya da birnin ya zartar a 1986 ba ta ambaci masu sauya jinsi ba, sai a 2002 aka shigar da su. Watau da su aka ci yaƙi, ba da su aka raba ganima ba.

Lalle ba kowane ɗan daudu ne ya dace da waɗannan sunaye na Turawa ba, da yawansu ma suna da mata da 'ya'ya. To amma rabon wahalar iri ɗaya ne. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, da shekara 10 ga masu shiga irin waɗannan ƙungiyoyi. Saboda haka masu magana kan batun yawanci da Turanci suke yi, daga Legas ko Abuja ko ƙasashen waje, ta intanet. Mai tuyar kaji wanda bai yi boko ba, ba wanda ya tambaye shi abin da ke damunsa, alhali shi ne ba ya iya ɓuya, domin muryarsa da tafiyarsa sun riga sun nuna shi.

A Agustan 2007 an kama mutum 18 a wani otal a Bauchi, aka gurfanar da su gaban kotun Shari'a. Da farko an ce luwaɗi ne. Daga baya tuhumar ta koma kan sanya tufafin mata.