ZANCEN GIDA: Tattabaru Biyu

Hunturu ya kama. An gama karyar masara, dawa ta shiga rumbu, auduga ta yi fari fat a gonaki. Daga Funtua zuwa Bakori har Malumfashi, motoci sai jigilar buhuna suke yi. A gidajenmu kuwa zancen ɗaya ne: Kirsimeti ya matso, me za a ɗinka, me za a yanka?

Bara, a wata ƙaramar majami'a ta ƙauye wajen Malumfashi, mun lura wata 'yar'uwa gwauruwa ba ta zo sujada ranar Kirsimeti ba, ita da 'ya'yanta huɗu. Da yamma muka je gaishe ta, muna zaton rashin lafiya ne. Ashe lafiyarsu lau. Kuɗin anko ne bai samu ba, ta ce ba za ta kai yara cikin tsofaffin riguna a yi ta kallonsu ba. Muka koma gida jikinmu a sanyaye. Ranar haihuwar Mai Ceto ce ta zama ranar da matalauciya ta ji kunyar shiga gidansa.

To, bari mu buɗe Luka sura 2 mu duba irin gidan da Ubangiji ya zaɓa. Kaisar Augusta ya ba da umarni a yi ƙidaya, Yusufu da Maryamu suka tashi daga Nazarat zuwa Baitalami. Tafiyar ta fi kilomita 100, wato kamar mutum ya je Malumfashi daga Funtua ya komo, ga kuma tsohon ciki. Ba su sami wuri a masauki ba. Aka kwantar da jaririn a inda ake zuba wa dabbobi abinci, abin da iyayenmu, waɗanda suka koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na 1932, suke kira sakarkari. Wannan kowa ya sani, har yara suna wasan kwaikwayo da shi kowace shekara.

Amma akwai wani wuri da mukan wuce da sauri, aya ta 24. Shari'ar Musa, cikin Littafin Firistoci sura 12, ta ce mai jego da ta haifi ɗa namiji, in ta cika kwana 40, sai ta kawo ɗan rago bana ɗaya tare da tsuntsu guda. In kuwa ba ta da halin rago, an yarda ta kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu. Me Maryamu ta kai Haikali? Tsuntsaye biyu. Mu da muka san nauyin ragon suna, mun san ma'anar wannan ba sai an fassara mana ba. Yusufu ya tsaya cikin jama'a, waɗansu na jan raguna, shi yana riƙe da hadayar talakawa. Bai ci bashi don ya rufe bakin mutane ba. Luka ma bai ɓoye zancen ba, ya rubuta shi ƙiri-ƙiri.

Wannan ba tsautsayi ne ya faɗa wa Allah ba. Duk cikinmu ba wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi, sai Yesu kaɗai, ga kuwa gidan da ya zaɓa. Bai zo kamar babban mutum da ke leƙa gona daga cikin mota ya wuce ba. Ya ɗauki jiki irin namu, mai jin sanyi da yunwa da gajiya, ya sha nono, ya koyi tafiya, ya yi sassaƙa har hannunsa ya yi kanta. Abin da Bulus yake nufi ke nan a 2 Korantiyawa 8:9, inda ya nuna mai arziki ne ya tsiyace saboda mu.

Ba muna cewa kada a yi murna ba. Mala'iku ma sun yi waƙa a daren nan, mu kuwa ba mu ƙi shinkafa da nama ba. Damuwarmu ita ce maigidan da zai kwashe masara ya kai kasuwar Bakori ko Dandume yanzu da kaka, lokacin da take araha, don atamfa da akuya. Watan Agusta ya zo, rumbu wayam, ya koma yana awo da tsada, ga bashin taki bai biya ba. Kada mu ɗora wa mata laifi su kaɗai. Sau da yawa mu maza ne ba mu so a ce gidan wane ya fi namu.

Ga kuma baƙin da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka fake a Funtua, Kirista da Musulmi, waɗansu iyali guda a ɗaki ɗaya. Su ba sa bukatar a bayyana musu mene ne rashin masauki.

Saboda haka muna roƙon dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata su yi sanarwa tun makon farko na Disamba, da babbar murya, cewa anko ba dole ba ne, kowa ya zo da rigar da yake da ita. Matan dattawa su fara, su sa zanen bara. Kowane gida kuma ya ware mudu biyu ko uku don maƙwabcin da bai yi noma bana ba, a kai masa da dare, ba a gaban jama'a ba.

Ita 'yar'uwar nan, mun riga mun gaya mata za mu biyo ta gidanta da safe mu tafi sujada tare.