Kafin Ka Ce wa Baba Kwamfutar Ta Mutu

 Yau zancen laftof za mu yi, irin wadda yawancinmu muke fara riƙewa: wadda yaya ya gaji da ita ya miƙo, ko wadda aka sayo ta hannu saboda JAMB ta matso. Tun 2015 jarrabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, shi ya sa iyaye da dama suke matse aljihu su samar da ko da guda ɗaya ce a gida.

Tawa yayana ne ya bar mini ita lokacin da zai tafi bautar ƙasa. Core i5 ce, RAM ɗinta 4GB, ma'ajiyarta 500GB. Na shekara ina lallaɓa ta, sai a bazarar bara ta fara nuna hali. In na kunna ta, sai na je na yi alwala na dawo ba ta gama buɗewa ba. Fankarta tana kuka kamar injin markaɗe, ƙasanta ya yi zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya. Ranar da ta kai ni bango, saura kwana biyu mu miƙa wani aikin aji mai maki ashirin, ina tsakiyar rubutu ta ɗauke ɗif. Shafi huɗu suka tafi, don ban adana ba.

A daren na kira gida na ce, “Baba, kwamfutar nan fa ta mutu, sai dai sabuwa.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “To, Allah Ya hore.” Duk wanda ya san iyayenmu ya san ma'anar wannan amsa. Ga kuɗin makarantar ƙannena biyu, ga azumi ya gabato. Kunya ce ta sa washegari na kai ta wurin wani mai gyara, ba don ina sa ran komai ba.

Yana kwance murfin ƙasan ya kalle ni ya ce, “Ɗalibi, a kan katifa kake aiki da ita ko?” Na ce haka ne. Ya sa tsinke ya zaro wata dunƙulalliyar ƙura daga bakin fankar, ta haɗe kamar auduga. Ƙurar hunturu ce ta shekaru, haɗe da zaren bargo.

Abin da ke faruwa shi ne, laftof tana shaƙar iska ta ƙofofin da ke ƙasanta, fanka ta hura ta kan ƙarfen da ke ɗauke zafi daga ƙwaƙwalwar na'urar, wato furosesa, sannan iskar ta fita ta gefe ko ta baya. In ka ɗora ta kan filo ko katifa, ka toshe mata hanci. Shi kuma furosesa an ƙera shi ne da dabarar kare kai: da zafi ya yi yawa sai ya rage gudu da kansa, in zafin ya wuce iyaka ya kashe na'urar gaba ɗaya. Kenan abin da nake kira tsufa, rabinsa shaƙewa ce kawai. Mai gyaran ya share ƙurar, ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, ya shafa sabo. Kukan ya tsaya nan take. Yanzu a kan faranti nake ɗora ta in ba tebur, kuma duk ƙarshen hunturu sai an buɗe ta.

Amma nawar buɗewa tana nan, kuma a nan ne na koyi abin da ya sa na zaɓi wannan batu yau. Tsofaffin laftof da yawa suna zuwa da ma'ajiya mai suna HDD. A cikinta akwai faifai na gaske da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke bin samansa yana neman abin da ka tambaya, kamar garmahon da kakanninmu suke ba da labari. Duk saurin furosesa, dole ya tsaya jiran wannan hannu. Shi ya sa kuma faɗuwa ɗaya, tana kunne, kan iya tafiya da duk abin da ka tara.

Akwai wata ma'ajiyar, SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta. 'Yar uwar abin da ke cikin wayarka ce. HDD ɗin laftof takan karanta wajen megabayit 100 a daƙiƙa, SSD mafi sauƙin kuɗi kuwa tana kai wa wajen 500, kuma wajen tsinto ƙananan fayiloli, wanda shi ne yawancin aikin buɗe Windows, tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Na haɗa kuɗin da nake tarawa da abin da yayana ya turo, aka sa mini mai 256GB. Kwamfutar da nake alwala kafin ta buɗe, yanzu kafin in gyara zama ta shirya. Abin da na kashe bai kai kuɗin wayar da wasunku suke ɓoyewa a jakar makaranta ba.

Kada ka yarda da maganata kawai, duba taka. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. A yawancin Windows na yanzu, a ƙarƙashin Disk za ka ga an rubuta HDD ko SSD. In HDD ce kuma kullum tana manne a 100%, ka kama ɓarawonka. Ka leƙa Startup ma, ka kashe manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar ba tare da an gayyace su ba. Wannan kyauta ne.

Sai RAM. Mutane sun fi son zancenta don lambarta ce ake alfahari da ita, amma a ganina ita ce ta biyu, ba ta farko ba. RAM kamar faɗin teburin karatunka ce: in ƙarami ne, sai ka riƙa mayar da littafi jaka kafin ka ɗauko wani. 4GB ta yi kaɗan ga mai buɗe Chrome da Word a tare, 8GB ta ishi ɗalibi. Kafin ka saya, duba Memory a cikin Task Manager ɗin nan, zai nuna maka gurbi nawa ake da shi da nawa aka cike. Ka kuma san irin taka, don DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4, ko an danna da ƙarfi sai dai a karya. Wasu siraran laftof ma an liƙe musu RAM ɗin a jikin allo, ba a ƙarawa.

In za ka kai gyara, ka fara kwashe muhimman abubuwanka zuwa filash ko Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta. Ka tsaya a buɗe a gabanka. Kuma ka karɓi tsohuwar ma'ajiyarka ka tafi da ita, domin hotunan gidanku da takardunka suna ciki. Wannan na fi faɗa wa ƙannena mata. Ana sayar da ɗan akwatin da ake saka ta, ta koma kamar babban filash. A nan nake ajiye kwafin duk aikin da na yi.

Batir kuwa zafi ne babban maƙiyinsa, don haka abin da ya gyara fanka ya taimake shi. Kada ka saba barinsa ya ƙare ƙaf. In ka ga wurin da ake shafawa da yatsa ya fara tasowa, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batirin ya kumbura, a cire shi a ranar, yana iya kamawa da wuta. Caja ma ba a aron kowace don kawai kanta ya shiga: duba adadin volt da aka rubuta a ƙasan laftof ɗin, ya dace da na jikin cajar. In aka ɗauke wuta ka zare, in aka kawo ko aka tayar da janareto ka ɗan jira ta daidaita.

Sai dai ba kowace ce ta cancanci a zuba mata kuɗi ba. A yawancin laftof ba a canza furosesa, kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da ta saba bai wa Windows 10. Windows 11 kuwa, a ƙa'ida, daga tsara ta takwas na furosesan Intel take farawa. Ana gane tsarar daga lambar da ke bin sunan: i5-8250U ta takwas ce, i5-4300U ta huɗu. Tawa ta huɗu ce, don haka na tsaya a SSD, ban ƙara ko sisi ba, kuma wani abokina ya yi alkawarin sa mini Linux Mint a hutun nan, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi. In na gwada zan ba ku labari.

Da na kira Baba na ce masa an gyara, cewa ya yi, “Ashe ba ta mutu ba.” Ban ce komai ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba abubuwan da ake gwadawa a jikin laftof ta hannu kafin a miƙa kuɗi.